A Sauke Sabuwa a Ɗora Tsohuwa: Cinikin Asara a Shagunan Kwamfutar Maiduguri

Duk wanda ya saba zama a shagunan gyaran kwamfuta na Yerwa, daga kewayen Fos Ofis zuwa rumfunan da ke bakin Jami'ar Maiduguri a hanyar Bama, ya san wannan magana: "Injiniya, wannan sabuwar ba na gane mata. Yi mata fomatin ka sa min Sebin." Mai maganar bai daɗe da sayo laftof ɗin ba, wataƙila sabuwa dal a kwali, wataƙila 'yar Beljiyam mai sauran ƙarfi. Injiniya ba ya musu. Zai zaro filashi daga aljihu, ya share abin da kwamfutar ta zo da shi, ya ɗora Windows 7, ya bi ta da Office 2007 da CorelDRAW, ya rufe da kirak don kada ta riƙa damun mai ita da neman lasisi. A biya shi ladan aikinsa, kowa ya tafi yana murna.

Ni dai ban ga abin murna a nan ba, kuma gara in faɗi matsayina tun da wuri. Sauke manhajar da kwamfuta ta zo da ita da lasisinta, a ɗora wadda ta tsufa har masu ita suka daina kula da ita, sannan a buɗe ta da makullin sata, asara ce hawa uku. An ture abin da aka biya kuɗinsa, an ɗauki abin da ba a da izininsa, an kuma buɗe wa ɓarayin da ba a gani ƙofa. Masu yin haka suna da dalilansu, wasu ma masu ƙarfi, kuma hannun kamfanin Microsoft ba a wanke yake ba a cikin lamarin. Duk zan zo kansu. Amma ko an tara dalilan nan wuri ɗaya, ba su kai su mai da asara riba ba.

Mu fara da abin da yawancin masu saye ba su sani ba, masu sayarwa kuma ba su cika faɗa ba. Kwamfutar da HP ko Dell ko Lenovo suka ƙera da Windows a kanta, kuɗin lasisin yana cikin kuɗinta. A zamanin Windows 7 lambobin lasisin a jikin wata 'yar takarda suke, manne a gindin laftof ko ƙarƙashin batir, shi ya sa da takardar ta koɗe sai a rasa su. Daga Windows 8, wato daga 2012, aka koma dasa makullin a cikin babban allon kwamfutar kanta. Fomatin ba ya taɓa shi, sauya faifan ajiya ma ba ya taɓa shi. Lasisi ne da aka ɗaura wa wannan na'ura, yana bin ta duk hannun da ta shiga, daga ofishin da ya fara mora ta a Turai ko Amurka zuwa Computer Village ta Ikeja, zuwa Farm Centre ta Kano, har ta sauka Maiduguri. Da yawa daga cikin EliteBook da Latitude da ThinkPad da suka cika kantunanmu kayan kamfanoni ne, da Windows nau'in Pro suka fito daga masana'anta. Ke nan ɗalibin da ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi irin wannan, ya riga ya mallaki halastacciyar Windows mai tsada. Me zai sa a raba shi da ita a ba shi ta sata? Wa ya taɓa gaya masa cewa in aka mayar mata da irin wadda ta zo da ita, aka haɗa ta da intanet, da kanta za ta gane makullinta ba tare da ya biya ko kwabo ba?

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce ta mallaka: "Kwamfutata ce, da gumina na saya, abin da na ga dama zan sa mata." Rabin maganar gaskiya ne. Ƙarfen naka ne, ba mai hana ka share duk abin da ke kansa. Manhajar kuwa izinin amfani da ita aka ba ka, a kan sharuɗɗan nan da muke danna musu "na yarda" ba mu karanta ba. Ɗan kasuwar da ke riƙe da takardar rumfa a Kasuwar Monday ya fi kowa fahimtar wannan: takardar rumfarsa ba ta ba shi ikon ɓalle kwaɗon wata rumfa a layin baya, ko da kuwa an daɗe ba a buɗe ta ba.

Akwai dai 'yar ƙofar da kamfanin ya bari, kuma adalci ne a ambace ta. Wanda kwamfutarsa ta zo da nau'in Pro yana da haƙƙin komawa baya: mai Windows 10 Pro an ba shi damar sauka zuwa 8.1 Pro ko Windows 7 Professional, mai 11 Pro kuma zuwa 10 Pro. Mai nau'in Home ba shi da wannan haƙƙi ko kaɗan. Sannan akwai sharaɗi a rubuce, cewa damar tana nan ne muddin kamfanin na ci gaba da kula da tsohuwar. Windows 7, wadda ta fito a Oktoban 2009, an daina kula da ita ranar 14 ga Janairu 2020. Ta 8.1 ta bi bayanta a Janairun 2023. Windows 10 kanta wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin shekara guda na facin tsaro ga wanda ya yi rajista. Manyan ma'aikatu masu sayen lasisi a dunƙule suna da sharuɗɗan da suka fi waɗannan sauƙi, amma mai shago ɗaya a Gwange ko Bulumkutu ba ya cikinsu. To, injiniyan da ke ɗora Windows 7 a kan sabuwar na'ura yau, da izinin wa yake ɗora ta, alhali an daina sayar da ita tun tuni?

Hujja ta biyu ita ce wadda nake girmamawa, domin daga bakin masu neman abinci take fitowa. Mai shagon buga takardu zai ce maka firintarsa ta haura shekara goma tana aiki, tawadarta da araha, kowane mai gyara ya san cikinta, amma sabuwar Windows ta ƙi ganin ta. Mai zanen katin ɗaurin aure da fostar 'yan siyasa hannunsa ya faɗa da CorelDRAW X3 ta 2006. A kanta ya koyi sana'a, a kanta ya koyar da yaransa, kuma zane-zanen da ya tara shekara da shekaru a cikinta suke buɗewa daidai. Akwai masu PageMaker har gobe. Akwai ɗakunan gwaje-gwaje da na'urar auna jini ke tafiya da manhajar da aka rubuta tun zamanin XP, wanda ya kawo ta kuma ya daɗe da daina ɗaga waya. Ka tuna kuma da ambaliyar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Kasuwar Monday da Gwange da kewayen Fos Ofis. Wanda ruwa ya ci wa kwamfuta dole ya nemo wata, wadda ya samo kuma ba lallai ta jitu da tsofaffin kayan aikin da ya iya tserarwa ba. Irin wannan mutum in ya nemi a mayar masa da abin da ya saba, ba taurin kai yake yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na yarda da ciwon, maganin ne ban yarda da shi ba. Za a ce min da tsohuwar zuma ake magani. Haka ne, amma zuma ba ta lalacewa don ta daɗe, manhaja kuwa tana lalacewa ranar da duniyar da ke kewaye da ita ta wuce ta bar ta. An rubuta Windows 7 ne kafin kayan cikin kwamfutar yau su bazu. Ba ta san ramin USB 3.0 ba, ba ta san faifan ajiya na zamani mai suna NVMe ba. Daga ƙarni na shida na furosesar Intel, wajen 2015, an cire tsohon tsarin USB da ta dogara da shi, shi ya sa ake tsakar ɗora ta sai filashin ya ɓace mata, linzami ya daina motsi. Daga ƙarni na bakwai, da kuma Ryzen na AMD, Microsoft ya ce Windows 10 kaɗai ya sani, a 2017 ma ya toshe wa Windows 7 hanyar sabuntawa a kan waɗannan furosesoshi. Masu ƙera kwamfuta su ma suka daina fitar mata da direbobi. Kowane mai gyara ya san abin da ke biyo baya: wayales ya ƙi kamawa, sauti ya ɗauke, hoton allo ya baje kamar an ja shi, fanka ta yi ta kuka, batir ya riƙa zuƙewa da wuri. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, na'urar da ba ta iya sarrafa zafinta da wutarta ba, rage mata kwana ake yi.

Ta yaya to injiniya ke tsallake waɗannan tarnaƙi? Da kwafin Windows 7 da wani ya farke ya ɗinke, ya cusa masa direbobi, ya ɗora a intanet, aka yi ta kwafa daga filashi zuwa filashi. Wane ne wannan wani? A wace ƙasa yake? Bayan direbobin me kuma ya cusa? Injiniyan bai sani ba, ubangidansa da ya ba shi kwafin ma bai sani ba. Haka kirak ɗin yake. Kafin ya yi aiki sai an kashe riga-kafin bairos da hannu, wato an kori mai gadi don baƙon da ba a san fuskarsa ba ya shigo. A Disamban 2021 masu binciken tsaro na kamfanin Red Canary sun bayyana yadda ake rarraba jabun KMSPico, ɗaya daga cikin sanannun kirak ɗin nan, ɗauke da manhajar sata mai suna Cryptbot, wadda ke kwashe kalmomin sirri da bayanan asusun kuɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin da ya hana idonsa barci yana fasa makullin wani, ya kuma raba wa duniya kyauta, ka taɓa tambayar kanka da me yake cin abinci?

Mai tsohuwar firinta da tsohuwar Corel yana da hanyoyin da suka fi wannan lafiya. Da yawa daga tsofaffin manhajoji suna tashi a sabuwar Windows in an kunna musu tsarin jituwa da ke cikinta, aikin 'yan danne-danne ne. Firintoci da dama da ake cewa sun mutu, direbansu na nan a shafin kamfanin da ya ƙera su, neman sa ne ba a yi ba. In abin ya ƙi, akwai VirtualBox, kyauta ce, tana ba ka damar gina ƙaramar kwamfuta a cikin babbar, tsohuwar Windows ta zauna ciki a killace ta yi aikinta ɗaya, sai dai ita ma tana buƙatar nata halastaccen lasisin. Mafi sauƙi duka, tsohuwar kwamfutar tebur mai takardar lasisin Windows 7 a jikinta ba ta da tsada. A ajiye ta kusa da firinta ko na'urar gwaji, a yanke ta daga intanet, a hana cusa mata kowane filashin da ya shigo shago. Tsohuwar manhaja a kan tsohon ƙarfen da aka yi ta dominsa, da lasisinta, ba ni da ja a kanta. Sabuwar kuma a bar ta da abin da ta zo da shi, ta zama ita ce ta banki da imel da rajista. Me ya sa ba a cika ba da wannan shawara a shago ba? Domin fomatin aikin awa guda ne, farautar direba kuwa tana iya cin yini, kuma ladan ɗaya ne. Nan laifin masu gyara yake. Nan kuma namu yake, mu masu kai gyara, da ba mu son biyan ilimi sai wahalar da muka gani da ido.

Hujja ta uku ta data ce da wuta: "Sabuwar tana shan data, ga nauyi, ga sabuntawar da ba ta ƙarewa, kana tsakar aiki ta ce ka jira." Mutumin Maiduguri ya fi na Legas cancantar wannan ƙorafi. Tun da aka tarwatsa turakun wutar layin Damaturu a Janairun 2021 birnin ya daɗe yana rayuwa a kan janareta da sola, kafin a ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50 a Maris 2023, kuma har yau mai shago da lissafin mai yake kunna kwamfuta. Amma a cikin Windows 10 da 11 akwai wurin da za ka gaya mata datar nan a ƙidaye take, ta rage jan kaya, akwai kuma wurin dakatar da sabuntawa na 'yan makonni har ka samu intanet mai araha. Nauyin da ake kuka da shi kuwa, sau da yawa tsohon faifai mai juyawa ne ke jawo shi, in an sa SSD an ƙara RAM sai ka rantse wata aka sayo. Sabuntawar nan da ake gudu ita ce facin da ake liƙe wa ramukan da aka gano. Windows 7 ta daina damun ka da ita ne saboda an daina liƙe mata, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ke ganin tsoratarwa ce kawai ya tuna 12 ga Mayu 2017. Ranar ce manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000. Mafi yawan kwamfutocin da ta kama Windows 7 ce a kansu, alhali a lokacin ana kula da ita, an ma fitar da facin ramin tun watan Maris, masu su ne ba su sa ba. Yau ko kana so ka sa sabon faci, babu shi. Google Chrome ma ta tsaya wa Windows 7 a lamba 109 tun farkon 2023, ke nan burauzar da ake shiga banki da ita ta daskare a inda aka bar ta.

A nan ne maganar ta wuce ta mutum da kayansa. In kwamfutar kallon fim ce a ɗaki, asarar ta mai ita ce shi kaɗai. Amma me ake yi a shagunan buga takardu? A nan ake cike fom ɗin neman aiki da na tallafi, a nan ake fitar da sakamakon JAMB, a nan ake biyan kuɗin makaranta ta Remita. A nan dattijuwar da ba ta yi boko ba ke miƙa wa yaron shago lambar NIN da BVN ɗinta ta ce, "Ɗana, ka cike min." Amana ta ba shi, ba ta san akwai yiwuwar na uku a tsakaninsu ba. Maiduguri kuma gari ne da bayanan mutane ke da nauyi na musamman. Shekarun rikici tun daga 2009 sun tara jerin sunayen 'yan gudun hijira da marayu da zawarawa da masu karɓar tallafi, da garuruwan da suka baro, da lambobin wayarsu, a hannun ofisoshi da ƙananan ƙungiyoyi da 'yan kwangilarsu. Irin wannan jeri in ya faɗa mugun hannu, abin da za a rasa ya wuce kuɗi. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan wani alhakin tsare su. Ko babu doka, wanda ya karɓi sirrin marainiya ya ajiye a na'urar da ya san a buɗe take, me zai ce ranar da aka tambaye shi?

Sai hujjar da ta fi yawo a zukata ko da ba a furta ba: "Microsoft ya fi ƙarfin abin da zan ɗauka, kuma wa zai kama ni?" A nan dole in tsaya tare da mai ƙorafi. Windows 11 Home dala 139 ce a shafin kamfanin, Pro kusan dala 200. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. A wannan lissafi Pro ta kai naira 300,000, mafi ƙarancin albashi kuwa 70,000 ne tun Yulin 2024. Albashin wata huɗu da ɗoriya a kan manhaja ɗaya, kafin a zo ga Office da Corel! Farashin da aka yanka da aljihun mutumin Amurka a kawo wa mutumin Gamboru, ban ga adalci a ciki ba. Ba mamaki ƙungiyar manyan kamfanonin manhaja ta BSA ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ake ɗorawa a kwamfutocin Nijeriya ba su da lasisi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai dai wannan hujja ba ta shafi mutumin da muke magana a kansa ba. Ba wanda ya ce ya fitar da 300,000, lasisinsa na cikin kwamfutarsa tun ranar da ya saye ta. Tsada uzuri ne ga wanda ba shi da abu. Wane uzuri ne ga wanda yake da shi ya ture? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, daidai da littafi. Na san ba kasafai ake kama mai shago ɗaya ba, kuma ba kira nake a fara kame ba. Amma mu mutane ne masu tambayar malami hukuncin abin da bai kai wannan ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da alamar kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba. Ko da an sassauta wa mai amfanin kansa da ba shi da hali, ban ga yadda sassaucin zai kai ga mai karɓar kuɗi yana ɗora wa jama'a ba. Mun kuma ga abin da satar fasaha ta yi a cikin gidanmu. Lokacin da masu kwafar faifai suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa, furodusoshin Kano kuka suka yi, mu ma muka taya su. Matasan Borno da ke koyon rubuta manhaja yau, wa zai sayi aikinsu gobe a kasuwar da ta saba ganin manhaja ba abin saye ba ce?

Laifin kamfanin bai tsaya a farashi ba. Da Windows 11 ta fito a Oktoban 2021 ta zo da sharuɗɗa: sai kwamfuta na da guntun tsaro na TPM 2.0, sai furosesarta ta kai ƙarni na takwas na Intel ko makamancinsa. Da alƙalami ɗaya aka bar miliyoyin na'urori masu lafiya ƙalau a waje. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kimanin kwamfutoci miliyan 240 na iya zama shara saboda ƙarewar wa'adin Windows 10. Ina ake jin za su nufa? Wani kaso zai bi kwantena zuwa Legas, ya hau mota zuwa arewa, a goge shi a jera a kanti. Abin da muke kira sabon shigowa a nan, a can an riga an yi masa sallama. Mai saye zai tarar Windows 10 da ke kai wa'adinta ya cika, 11 kuma ta ƙi hawa ta hanyar da aka amince. Me injiniya zai ce masa? Ko ya tursasa 11 da dabara, ko ya koma wa 7 da kirak. An gudu ba a tsira ba.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata a shagunanmu ba, ita ce Linux. Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, kuma kyautar halas ce, domin lasisinsu da kansa ya ba ka izinin kwafa da rabawa da ɗora wa kwamfuta ko nawa ne. Ana sabunta su, suna tafiya lafiya a kan na'urar da Windows 11 ta ƙi, LibreOffice kuma tana buɗe takardun Word da Excel. Ba zan ɓoye gazawarsu ba. CorelDRAW ba ta hawa kai tsaye, Inkscape da ke maye gurbinta sai an sake koyo, wasu manhajojin hukuma Windows kaɗai suka sani, takarda mai ado da yawa kuma takan ɗan karkace. Amma ɗalibin da aikinsa rubuta furojet da karatu da shiga intanet, ko malamin makaranta mai haɗa sakamakon jarrabawa, me Windows 7 ta sata za ta ba shi da Mint ba za ta ba shi ba? Jihar Kerala ta Indiya ta shafe shekaru tana tafiyar da kwamfutocin makarantun gwamnati a kan Linux. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda ba talauci ne ya dame ta ba, ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Nijeriya ma ta taɓa zuwa bakin wannan ƙofa. A 2007 an yi odar ƙananan kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 domin makarantu, da Linux ɗin kamfanin Mandriva na Faransa a kansu. Kwatsam sai aka ji za a share a ɗora Windows, har shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa a ƙarshen Oktoban shekarar yana tambayar yadda aka yi aka haihu a ragaya. Abin da ya tsaya min a rai a wannan labari shi ne, manyan kamfanonin nan sun san darajar hannun yaro. Abin da ya fara taɓawa a aji, shi zai nema har furfura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shi ya sa nake ganin gyaran daga makaranta zai fara kafin kasuwa. Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Fasaha ta Ramat suna yaye masu ilimin kwamfuta kowace shekara, kuma a cikinsu ne masu gyaran gobe za su fito. A koya musu karanta sharuɗɗan lasisi kamar yadda ake koya musu kwance na'ura. Duk ɗakin kwamfutar da za a buɗe a manyan makarantun da gwamnatin jiha ta gina, a ware wasu kujeru a kan Linux, yaro ya tashi ya san hanya ba ɗaya ba ce. Ofishin da zai ba da kwangilar sayo kwamfutoci kuma ya rubuta a takarda cewa kowace ta zo da halastaccen lasisi, a duba kafin a biya. Dubawar ba ta da wuya, tana nan a shafin kunna lasisi cikin saituna. In ka ga an rubuta cewa an kunna ta ne ta hannun wata ma'aikata, alhali kai ba ma'aikacin kowa ba ne, to galibi kirak ne. Haka makullan nan da ake tallatawa a intanet da 'yan dubbai: da yawansu na wasu ma'aikatu ne aka karkatar, yau su kunna, gobe a toshe su. Araha ba ta ado.

'Yan'uwana masu gyara, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sana'arku ta amana ce, domin mai kawo muku kwamfuta bai san cikinta ba, duk abin da kuka faɗa shi zai ɗauka. Kafin ku share, ku duba makullin da ke cikin allon, ku gaya masa abin da ya mallaka. In ya nace sai tsohuwa, ku gaya masa abin da zai rasa, ku kuma roƙe shi kada ya shiga banki da ita ko ya ajiye bayanan jama'a a kanta. Ku rubuta a rasit irin manhajar da kuka ɗora da matsayin lasisinta. Aikin da ya ci muku yini ku yanka masa kuɗin yini, mu kuma mu koyi biya.

Mai shirin saye kuwa, kafin ya ƙirga kuɗi ya tambayi ƙarnin furosesar, ya sa a nuna masa a kan allo, kada ya tsaya ga takardar da aka manna a jiki. In ta kai ƙarni na takwas kuma tana da lasisin 10 ko 11, a bar ta a kan 11. In ba ta kai ba, ya nemi ragi mai kauri, domin mai sayarwa ya san dalilin da ya sa aka sallame ta a inda ta fito, sannan ya ce a gwada masa Mint daga filashi ya ga ko wayales da firintarsa suna aiki kafin a share komai.